Motsin Ɗan Tayi a Watannin Ƙarshe na Ciki

A ɗakunan awon ciki na birnin Sakkwato, kama daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Asibitin Ƙwararru da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, har ya zuwa ƙananan asibitocin da ke cikin unguwanni, akwai wata gajeruwar tambaya da aka saba yi wa mai tsohon ciki bayan an auna jininta, an kuma gwada tsawon cikinta: "Yana motsi?" Sau da yawa amsar ba ta wuce gyaɗa kai, sai a kira ta gaba. Ga mai kallo daga gefe, tambayar kamar gaisuwa ce. Amma a wurin masana ilimin haihuwa tana da nauyi ƙwarai, domin kuwa lura da motsin ɗa shi kaɗai ne gwajin da ke gudana dare da rana, ba ya bukatar wutar lantarki, kuma ba a hannun likita yake ba, a hannun uwa yake.

Abin da ake gudu babba ne. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 jarirai kusan miliyan biyu ne ba su zo da rai ba a duniya, wato ɗaya a cikin kowace daƙiƙa 16. Rabin wannan adadi ya fito ne daga ƙasashe shida, kuma Nijeriya na cikinsu, tare da Indiya da Pakistan da Kwango da Sin da Habasha. Likitoci sun daɗe da lura cewa kimanin rabin matan da ɗa ya mutu a cikinsu kafin naƙuda sukan ce, idan aka tambaye su daga baya, sun ji motsinsa ya ragu tun kafin a tabbatar da rasuwar. Ke nan a lokuta da dama saƙo ya iso. Abin tambaya shi ne ko an fahimce shi, kuma ko an yi aiki da shi a kan kari.

Farkon Motsi da Yadda Yake Sauyawa

Ɗan tayi yakan fara motsi tun kafin uwarsa ta san da haka. Binciken da wasu masana suka yi da na'urar hoton ciki a birnin Groningen na ƙasar Holan, wanda aka buga a 1982, ya nuna cewa ana iya ganin motsin farko tun wajen mako na 7 zuwa na 8. A wannan lokaci ɗan tayin bai fi ƙwayar wake girma ba, yana iyo a cikin ruwa, saboda haka babu abin da ke isa ga jijiyoyin uwa. Mai cikin fari takan fara ji ne tsakanin mako na 18 da na 20, wadda ta taɓa haihuwa kuwa takan riga ta da mako ɗaya ko biyu, saboda ta san abin da take jira. Da farko abin kamar motsin iska ne a hanji, ko kamar ɗan kifi ya wulga. Wani abin lura shi ne wannan lokaci ya zo kusa da kwana 120 da malamai ke ambatawa game da busa rai, shi ya sa mutane da yawa ke haɗa abubuwan biyu. Sai dai motsin gaɓɓai da na'ura ke nunawa ya riga wannan lokaci da nisa, kuma maganar rai fage ne na malaman addini.

A asibiti da makonni ake lissafin ciki, a fara daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, a cika mako 40. A gida kuwa da watanni ake yi. Mako na 28, wanda daga shi ne ake son uwa ta ƙara sa ido, yana faɗowa ne a cikin wata na bakwai. Motsi yakan riƙa ƙaruwa har zuwa wajen mako na 32, daga nan sai ya daidaita.

A nan ne ya kamata a gyara wata magana da ta zauna a bakin manya da yara, wai idan haihuwa ta matso ɗa yakan rage motsi saboda wuri ya yi masa kaɗan, ko kuma yana hutawa ne yana tara ƙarfin fitowa. Wannan ba haka yake ba. Abin da ke sauyawa shi ne kamannin motsin. Harbi da ƙafa da tsalle sukan koma miƙa da juyi da tokare haƙarƙari, amma yawan motsin da ƙarfinsa ba sa raguwa a wajen lafiyayyen ɗa, har cikin naƙuda ma yana motsi. Ƙa'idar da Kwalejin Likitocin Mata ta Ingila ta fitar a 2011 ta jaddada wannan batu, ta kuma kawo cewa a ƙarshen ciki matsakaicin motsin da na'ura ke gani ya kai kimanin 31 a sa'a guda, ko da yake uwa ba ta jin dukkansu.

Ɗan tayi yana barci, amma barcinsa gajere ne. Yakan ɗauki minti 20 zuwa 40, kuma da wuya ya wuce minti 90. Yawancin 'ya'ya sun fi motsi da yamma da kuma farkon dare. Uwa ta fi jin motsi idan tana kwance, ba ta cika ji ba idan tana tsaye tana daka ko wanki ko hidimar yara. Idan mabiyiya ta manne a bangon gaba na mahaifa, takan zama kamar matashi tsakanin ɗa da fatar ciki, sai jin motsin ya yi rauni, musamman kafin mako na 28.

Dalilin da Ya Sa Ɗa Ke Yin Shiru

Ɗan tayi ba ya shaƙar iska da huhunsa, ba ya kuma ci da bakinsa. Iskar oksijin da abinci duk ta mabiyiya suke zuwa, su bi ta cibiya su shiga jininsa. Motsi kuwa aiki ne mai cin ƙarfi. Saboda haka idan mabiyiya ta fara gazawa, jikin ɗa yakan yi abin da magidanci ke yi idan rumbu ya yi ƙasa kuma damina da saura, wato ya tsuke hannu. Jini sai ya karkata zuwa ga ƙwaƙwalwa da zuciya, a rage wa ƙoda da hanji da gaɓɓai. Da ƙoda ta sami ƙarancin jini, fitsarin ɗa sai ya ragu, kuma da yake a ƙarshen ciki mafi yawan ruwan da yake kwance a ciki daga fitsarinsa ne, ruwan ma sai ya ja baya. Girma ya tsaya, motsi ya ragu. Zuciya ita ce ke ci gaba da bugawa har zuwa ƙarshe. Tsakanin raguwar motsi da tsayawar zuciya akwai tazara, wani lokaci ta sa'o'i, wani lokaci ta kwanaki, kuma a cikin wannan tazara ne ake iya ceto.

Abubuwan da ke raunana mabiyiya sanannu ne a ƙasar Sakkwato. Na gaba-gaba shi ne hawan jini na masu ciki, wanda idan ya tsananta yake kai wa ga jijjiga. Yana ƙuntata hanyoyin jinin da ke ciyar da mabiyiya, wani lokaci ma ya sa ta ɓalle daga jikin mahaifa kafin haihuwa. Likitocin Asibitin Koyarwa na Sakkwato sun san jijjiga farin sani, har ta kai a 2009 Bissallah Ekele da abokan aikinsa suka buga wani gajeren tsari na ba da maganin magniziyam salfet ga masu jijjiga, wanda suka raɗa wa sunan Sakkwato. Sai zazzabin cizon sauro, wanda ƙwayoyinsa ke da wata ɗabi'a ta maƙalewa a cikin mabiyiya su cunkushe ta, alhali uwa na iya zama ba ta jin zazzabi ko kaɗan. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2016 ya danganta kimanin ɗaya daga cikin biyar na jariran da ba su zo da rai ba a Afirka kudu da Sahara ga wannan cuta. Daɗin daɗawa akwai ƙarancin jini, da ciwon sukari, da amosanin jini, da ciwon tunjere, da kuma cikin da ya zarce lokacinsa, domin mabiyiya ma tana tsufa.

Haka nan duk abin da ke sa uwa maye ko barci yana ratsawa ya kai ga ɗa. Taba da tiramol da kodin da ƙwayoyin sa barci suna rage motsinsa.

Dole ne kuma a faɗi cewa ba kowace mutuwar ɗan tayi ke yin sallama ba. Ƙullewar cibiya ko ɓallewar mabiyiya na iya aukuwa farat ɗaya, ba tare da wata alama da uwa za ta iya kamawa ba. Matar da wannan ya same ta ba sakaci ta yi ba, kuma zalunci ne a ɗora mata laifi a kan abin da babu wanda ya isa ya hango.

Tarihin Ƙidayar Motsi

Tunanin a mayar da jin uwa ya zama ma'auni ya samo ƙarfi ne a 1973, lokacin da wasu likitoci biyu a birnin Ƙudus, Sadovsky da Yaffe, suka ba da rahoton matan da motsin 'ya'yansu ya ragu ƙwarai ko ya ɗauke, alhali ana jin bugun zuciya, sannan daga baya 'ya'yan suka mutu. A 1976 Pearson da Weaver na birnin Kadif a Birtaniya suka fito da katin "ƙirga zuwa goma": mace ta fara ƙirgawa da safe, ta rubuta lokacin da motsi ya cika goma, idan sa'a 12 ta wuce bai cika ba ta tafi asibiti. A 1989 kuma Moore da Piacquadio a San Diyego ta Amurka suka gwada ƙirgawa da yamma, lokacin da ɗa ya fi kazar-kazar, suka gano cewa a matsakaici minti 21 ya isa a ji motsi goma. Daga aikinsu ne aka sami ma'aunin da ya fi yaɗuwa a yau, wato motsi goma a cikin sa'a biyu.

Mai karatu zai zaci daga nan magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. A wannan shekara ta 1989 aka buga sakamakon wani babban gwaji da Grant da abokan aikinsa suka jagoranta, wanda ya ƙunshi mata fiye da 68,000 a Turai da Amurka. An ba wasu katin ƙidaya, wasu ba a ba su ba, amma a ƙarshe ba a ga bambanci a yawan mutuwar 'ya'ya tsakanin ɓangarorin biyu ba. Da aka bi diddigi sai aka ga abubuwa biyu. Wasu matan sun iso asibiti bayan aikin gama ya gama. Wasu kuwa sun iso da ɗa a raye, amma aka duba su sama-sama aka sallame su. Kusan shekara 30 bayan haka, a 2018, wani gwajin da ya fi wancan girma, wanda aka yi a asibitoci 33 na Birtaniya da Ayalan a kan ciki fiye da 400,000, ya sake nuna kusan haka. Mutuwar ta sauka daga 4.40 zuwa 4.06 a cikin dubu, ragin da bai kai a tabbatar cewa shirin ne ya kawo shi ba, sannan tayar da naƙuda da tiyata suka ƙaru. Tun a 2016 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a ɗora wa kowace mai ciki ƙidayar kullum a kan kati ba, sai dai a fagen bincike. Amma ta nemi a sanar da mata muhimmancin motsi, a riƙa tambayarsu a kowane awo, a kuma binciki duk wadda ta ce ya ragu.

Kuskure ne a karanta waɗannan sakamako a ce lura da motsi ba shi da amfani. Abin da suka nuna shi ne lamba ita kaɗai ba ta ceton kowa. Wani ɗan yana motsi goma cikin minti biyar, wani sai ya ɗauki sa'a guda, kuma dukansu lafiya lau suke. Ɗan da ya saba yin hamsin ya koma goma sha biyu ya cika ƙa'idar kati, amma uwarsa ta san ba haka yake ba, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Bugu da ƙari, an yi waɗannan gwaje-gwaje ne a ƙasashen da kusan kowace mace ke zuwa awo, inda mutuwar ba ta kai biyar a cikin dubu ba. A Nijeriya ƙiyasin 2019 ya haura 20 a cikin dubu. Inda mace za ta iya yin wata biyu ba wanda ya saurari zuciyar ɗanta, abin da take ji da kanta ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Yadda Uwa Za Ta Lura

Daga wata na bakwai, abin da ake so shi ne mace ta san halin ɗanta: lokacin da ya saba tashi, da irin ƙarfinsa, da abin da ke motsa shi. Ba sai ta iya karatu ko rubutu ba. Lokutan salla sun isa su zama mata agogo. Wata za ta lura nata yakan tashi bayan ta ci abincin rana, wata kuma sai bayan Isha'i idan gida ya yi tsit ta kishingiɗa. Minti goma ko sha biyar a kowace rana, a lokaci guda, ya wadatar.

Idan ranar ta zo da shakka, wato ba ta tabbata ko ya ragu ko hidima ce ta ɗauke mata hankali ba, sai ta bar abin da take yi, ta kwanta a gefen hagu a wuri mai shiru, ta ɗora hannu a ciki ta saurara. Harbi da juyi da miƙa duk motsi ne. Shaƙuwa, wato ɗan zillo mai zuwa a jere kamar bugun agogo, ba a sa ta a lissafi. Mai son ƙirgawa za ta iya ajiye ƙwallon dabino goma a faifai, tana ɗauke ɗaya a kowane motsi. Idan sa'a biyu ta cika ba su ƙare ba, sai asibiti. Idan kuwa tun farko ta tabbata motsin ya ragu sosai, ko ya ɗauke, ko ɗan ya yi wata irin birgima mai tsanani da bai saba ba sannan ya yi tsit, to babu zancen kwanciya a ƙirga. Tafiya za a yi a wannan lokaci, ko da tsakar dare ne, domin ɗakin haihuwa ba ya rufewa.

Akan ce a sha ruwan sanyi ko wani abu mai zaƙi don a tayar da ɗa. Bincike bai tabbatar da cewa wannan na aiki ba, illarsa kuwa ita ce ɓata lokaci. Shan ruwa dai wajibi ne ga mai ciki a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Mai azumin da ta ji motsi ya sauya, shari'a ta riga ta ba ta sauƙi, sai ta sha ruwa ta nemi a duba ta a ranar.

Kunya da Kwanciyar Ciki

A 1994 wasu masana biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa jinkirin da ke halaka masu haihuwa kashi uku: jinkirin yanke shawarar neman taimako, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A cikin birnin Sakkwato na biyun bai kai na ƙauye tsanani ba, domin daga Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo tafiyar mintoci ce a Keke Napep. Na farkon shi ne mai wuyar sha'ani, saboda a cikin ɗaki yake faruwa.

Mai cikin fari, wadda sau da yawa yarinya ce ƙarama, an tarbiyyantar da ita a kan kunya. Ba ta ambatar cikin, balle ta bayyana abin da ke gudana a cikinsa ga miji ko uwar miji. Dauriya abin yabo ce, raki abin gori. Kunya ado ce a wurare da dama, amma a nan tana iya cin rai. Al'adar goyon ciki, inda yarinya ke komawa gidan iyayenta idan ciki ya tsufa, tana da amfani ta wannan fuska, domin ta fi iya buɗe baki ga mahaifiyarta ko yayarta. Sai dai ya kamata katin awo ya bi ta, a kuma san asibitin da ya fi kusa da inda ta koma. Kyakkyawar dabara ita ce manyan mata su riƙa yin tambayar da kansu kowace rana, kada su jira yarinya ta fara.

Sai kuma batun kwanciyar ciki. Sanannen abu ne a ƙasar Hausa, kamar yadda yake a ƙasashen Magrib, a ce ciki ya kwanta, zai tashi daga baya ya ci gaba da girma. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi maganar mafi tsawon muddar ciki, wasu suka ce shekara huɗu, wasu biyar, kuma hukuncin ya yi aiki wajen tsare nasaba da mutuncin mata a gaban alƙali. Wannan fage ne na shari'a. A fagen jinya kuwa, abin da ake kira kwantaccen ciki, idan aka duba da na'ura, yakan kasance ɗan tayi ne da ya mutu bai fita ba, ko ƙari a mahaifa, ko ɗaukewar al'ada saboda shayarwa ko rashin lafiya, ko kuskuren lissafi. Ɗan wata takwas da ya saba motsi ya yini bai motsa ba, ba kwanciya ya yi ba. Ko dai yana cikin wahala, ko kuma ya riga ya rasu. Idan na farko ne, kowace sa'a tana da daraja. Idan na biyu ne, uwar ce ke cikin haɗari, domin gawar da ta zauna a mahaifa mako huɗu ko fiye tana iya lalata daskarewar jini, a zo haihuwa jini ya ƙi tsayawa. Addu'a da rubutu ba su hana zuwa asibiti, ana iya yin su a hanya. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba kuwa gara a bar su.

Tun a binciken da Kelsey Harrison ya jagoranta a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ya bi haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, aka ga cewa mace-macen uwaye da jarirai sun fi yawa ƙwarai a cikin matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Shekara 40 bayan haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari na haihuwa a Nijeriya ne ake yi a asibiti, a Jihar Sakkwato kuwa bai kai ɗaya cikin goma ba. Wannan na nufin ungozoma da kaka da maigida su ne ke yanke hukunci a mafi yawan gidaje, don haka su ne suka fi bukatar wannan sani. Maigidan da ke fita kasuwa ko tafiya fatauci zai kyauta idan ya ba da izini tun da wuri, a gaban mutanen gida, cewa duk ranar da motsi ya sauya a tafi asibiti ba sai an jira shi ba, ya kuma ajiye kuɗin mota da lambar mai abin hawa.

Abin da Ake Yi a Asibiti

Da mace ta isa, kada ta bi layin awo ta yi shiru. Ta faɗa wa ma'aikaciya ta farko da ta gani cewa ɗanta ya rage motsi, da kuma tun yaushe. Abu na farko shi ne sauraron zuciya, ko dai da ɗan mazurarin nan da ake kifawa a ciki, wanda likitan Faransa Adolphe Pinard ya ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 19, ko da ƙaramar na'ura mai fitar da sauti. Zuciyar lafiyayyen ɗan tayi tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti. Sai dai jin bugu kawai bai wadatar ba, tunda an riga an ga zuciya ce ke tsayawa daga ƙarshe. Inda akwai na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda, akan ɗaura ta na aƙalla minti 20. Ɗa mai ƙoshin lafiya zuciyarsa takan ƙara sauri duk lokacin da ya motsa, kamar ta yaron da ya yi gudu, kuma ganin haka alama ce mai kwantar da hankali. Za a auna jinin uwa, a gwada fitsarinta, a duba zazzabi da yawan jini, idan da hali a ɗauki hoton ciki don a ga girman ɗa da yawan ruwa.

Daga nan sai shawara. Idan ciki ya cika kuma akwai alamar wahala, akan tayar da naƙuda ko a yi tiyata. Idan bai cika ba, likita zai auna haɗarin barin ɗa a ciki da haɗarin fito da shi bakwaini, wataƙila a kwantar da uwa, a yi mata allurar da ke gaggauta ƙosawar huhun ɗa. Amma mafi yawan lokuta ba a kai wa ga haka. Kimanin bakwai daga cikin goma na matan da suka zo sau ɗaya da wannan kuka sukan ƙarasa cikinsu ba tare da wata matsala ba. Wadda aka duba aka ce lafiya ba ta ɓata wa kowa lokaci ba, kuma ma'aikacin da ya yi mata tsawa ya koya mata ne kada ta dawo. Idan abin ya sake faruwa, ko da washegari ne, ta sake komawa, domin maimaituwarsa na ƙara nuna akwai abin dubawa.

Rage Fargaba

Akwai masu ganin cewa yawan maganar motsi zai jefa mata cikin zullumi. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Norwe, wanda aka buga a 2012, ya nuna akasin haka, domin matan da aka koya wa lura da motsi damuwarsu ba ta ƙaru ba, ta ma ɗan ragu. Dalilin a fili yake. Fargabar tsohon ciki ta fi yawa ne a inda mace ba ta san abin da ke daidai da wanda ba daidai ba.

Abubuwa da dama da ke tayar da hankali a watan tara na yau da kullum ne. Ciki ya ɗaure ya saki ba tare da tsari ba, ƙwannafi, yawan fitsari, ciwon baya, ɗan kumburin ƙafa da yamma, saukar ciki idan kan ɗa ya shiga ƙugu, duk ba abin tsoro ba ne. Waɗanda ba a kwana da su a gida su ne zubar jini, da fashewar faya, da zazzabi, da ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa, da ciwon cikin da ya ɗaure tamau ya ƙi saki. Awo a kan lokaci, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi sau takwas tun 2016, biyar daga ciki a watanni ukun ƙarshe, da shan maganin ƙarin jini, da karɓar Fansidar na rigakafi aƙalla sau uku, da kwana a gidan sauro, su ne ke kare mabiyiya tun kafin a kai ga zancen ƙirga motsi. Ƙananan na'urorin sauraron zuciya da ake sayarwa don amfani a gida kuwa likitoci ba su goyon bayansu, saboda wanda bai ƙware ba yana iya jin bugun jijiyar uwa ya ɗauka na ɗa ne, ya koma ya kwanta.

Saura yanayin kwanciya. Idan mai tsohon ciki ta kwanta rigingine, nauyin mahaifa yakan danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciyarta, sai jinin da ke isa ga mabiyiya ya ragu. An fara lura da alaƙar wannan da mutuwar ɗan tayi a wani bincike na birnin Okland a ƙasar Niyu Zilan a 2011, aka kuma ga irinsa a Akara ta ƙasar Gana a 2013. Da aka haɗa bincike-bincike da dama a 2019, sai aka sami cewa fara barci a rigingine daga mako na 28 yana tafiya da ninkuwar haɗarin fiye da sau biyu, kuma gefen hagu da na dama duk ɗaya ne. Abin da aka auna shi ne yanayin da mace ta fara barci a kai, saboda a nan take daɗewa. Matashi a bayanta, wani kuma tsakanin gwiwoyi, yana taimakawa. Idan ta farka cikin dare ta sami kanta a rigingine, sai ta juya gefe ta ci gaba da barcinta.